A koya wa GCompris Hausa kafin a ce za a ƙirƙiro wata sabuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da matasanmu masu ilimin kwamfuta, da malaman Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi, da kuma malaman firamare. Ɗalibai da dama na ajin ƙarshe sukan rubuta manhajar koya wa yara abacada ko ƙidaya a matsayin aikin kammala karatu. Da zarar an ba da maki an ɗaure kundi, sai manhajar ta kwanta a kwamfutar mai ita, babu yaron da ya taɓa ganinta. Alhali kuwa ga manhajojin yara nan da masu aikin sa-kai suka shafe shekaru suna ginawa, a buɗe kuma kyauta, abin da ya rage musu kawai shi ne su iya Hausa.

Wadda muke so a fara da ita sunanta GCompris. Wani Bafaranshe mai suna Bruno Coudoin ne ya fara ta a shekarar 2000, domin yara masu shekara 2 zuwa 10. A 2014 aka soma sake rubuta ta a ƙarƙashin KDE, wata al'ummar masu gina manhajoji kyauta, don ta yi aiki a waya, kuma yanzu Johnny Jazeix da Timothée Giet ne ke jagorantar kula da ita. Tana da wasanni fiye da 150: riƙon linzamin kwamfuta, haruffa, ƙidaya, tarawa da ɗebewa, agogo, taswira, launuka da sauransu. Tana aiki a Windows da Linux da Android. Makarantun gwamnati na jihar Kerala a Indiya suna amfani da ita a harshensu na Malayalam. Lasisinta ya ba kowa damar kwafa da gyarawa da rabawa, da sharaɗin wanda ya gyara ya raba to ya bar gyaransa a buɗe kamar yadda ya samu. Ma'ana hedimasta zai iya ɗora ta a kwamfuta ashirin daga filashi ɗaya ba tare da ya biya ko sisi ba. Sai dai har yanzu Hausa ba ta cikin harsunan da take fita da su cikakku, kuma babu wanda zai zo daga Faransa ya yi mana wannan aiki.

Mafi yawan aikin ba na masu rubuta manhaja ba ne, na masu harshe ne. Rubutun da ke fitowa a allo yana cikin wani fayil mai suna gcompris_qt.po, ana buɗe shi da manhajar fassara irin Poedit ko Lokalize, dukansu kyauta. Kowace jimlar Turanci tana da gurbi a ƙasanta inda za a sa Hausa. Jimlolin sun kai dubbai, amma idan mutum biyar suka ɗauki talatin-talatin a rana, to a kwana shida sun yi 900. Kafin kowa ya taɓa jimla ko ɗaya, a zauna a yi jerin kalmomin da za su riƙa maimaituwa, kamar danna, ja, saki, mataki, maki, sake gwadawa, a amince da su a takarda ɗaya. Idan ba a yi haka ba, wani zai rubuta “mataki”, wani “zango”, wani “aji”, yaro ya ɗauka abubuwa uku ne daban.

Akwai alamomin da ba a taɓawa. Duk inda aka ga %1 ko %2 ko %n, gurbi ne da manhajar za ta cike da lamba ko suna. Ana iya matsar da shi inda ya dace da ginin jimlar Hausa, amma idan aka goge shi ko aka raba alamar da lambarta, yaro zai ga tambayar lissafi babu lamba a ciki. Jimlolin da ke da tilo da jam'i suna da gurbi biyu. Mu kuma mukan ce “ƙwallo ɗaya” da “ƙwallo uku” ba tare da canza kalmar ba, don haka mai fassara yakan cike na farko ya bar na biyu, manhajar kuwa ta ɗauka ba a gama ba. A cike duka biyun ko da abu ɗaya ne. Sannan fassarar Hausa takan fi Turancin tsawo, kuma abin da ya zauna daram a allon kwamfuta yakan fice daga maɓalli a ƙaramar waya. A gwada a wayar da ta fi kowacce ƙanƙanta a cikin ƙungiyar.

Babbar matsalar da Turanci ba shi da ita ita ce jinsi. Manhajar ba ta san ko Audu ne ko Binta ce ke zaune a gabanta ba. Idan aka rubuta “ka danna” da “ka ci nasara” daga farko har ƙarshe, an mayar da rabin ajin baƙi a wasan da aka yi dominsu, kuma yarinya 'yar shekara biyar tana jin wannan sarai. “Ka/ki” kuma ba ya karantuwa ga mai koyo, ba ya faɗuwa a murya. Mafita tana cikin harshen kansa: a yi umarni kai tsaye, “Danna jan ƙwallo”, “Nemo harafin”, “Ja hoton zuwa akwati”, yabo kuma a ce “Madalla”, “Da kyau”, “An ci”. Inda ba makawa sai an sa wakilin suna, “ku” ya fi. Haka siffa take bin jinsin abin da ta siffanta. A wasan launuka agwagi ake nema, don haka “farar agwagwa” da “baƙar agwagwa” ne daidai, kuma wanda ya fassara sunan launin shi kaɗai ba tare da ya buɗe wasan ya gani ba zai rubuta “fari” da “baƙi” ya wuce. Kada a fassara wasan da ba a buga ba.

Sai haruffa, inda aka fi yin ɓarna. Akwai wasan da yaro ke tuƙa jirgi mai saukar ungulu yana kama gajimare bisa jerin abacada, kuma jerin yana cikin fayil ɗin fassara, an raba haruffan da alamar /. Wanda ya kwafe na Turanci ya ajiye ya koya wa yaranmu q da v da x, ya hana su ɓ da ɗ da ƙ da 'y, da tagwayen baƙaƙe sh da ts. A rubuta jerin yadda yake a littafin Hausa na aji ɗaya. Wasannin da haruffa da kalmomi ke faɗowa daga sama suna da nasu fayiloli daban, kowane harshe da nasa, kuma a nan ake tsara matakai: wasula biyar da baƙaƙe masu sauƙi da farko, kalmomi masu gaɓa biyu irin su “baba” da “gida”, sannan masu lanƙwasa, sannan irin su ƙy da gw. Wannan aikin malamar aji ɗaya ne, ita ta san abin da yaro ke iya ɗauka a zangon farko. Wajen siffar rubutu an huta, domin manhajar tana zuwa da salon haruffa mai suna Andika, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta zana saboda masu koyon karatu, kuma yana da baƙaƙenmu masu lanƙwasa.

Akwai wani ƙaramin tarko da ke sa yaro kuka. Alamar da ke cikin 'ya'ya da sa'a iri uku ce a wurin kwamfuta: miƙaƙƙiya, da lanƙwasasshiya wadda manhajojin rubutu ke sakawa da kansu, da wata ta uku da ake ƙirga ta a matsayin harafi. A ido kusan ɗaya suke. Idan jerin kalmomi yana da wata, madannai kuma suna ba da wata, yaro zai buga kalma daidai a ce masa bai ci ba. A zaɓi wadda madannai ke bayarwa, a bi dukan fayilolin a daidaita. Su ma madannan, na Turanci ba su da ɓ. Windows yana da tsarin madannan Hausa a ciki, sai an kunna shi, kuma ana haɗa maɓallin Alt na dama da b ko d ko k a samu ɓ ko ɗ ko ƙ. A manna 'yar takarda a kan maɓallan, ko a kunna madannan kan allo da manhajar ke da su. Game da 'yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ inda muke rubuta 'y, a gama fassara ɗaya tukuna, sannan a fitar da ta biyu daga cikinta, kada a raba ƙarfi tun daga farko.

Yaron da bai iya karatu ba da kunne yake bin wasa, saboda haka murya ta fi rubutu muhimmanci a gare shi. Ana buƙatar naɗar haruffa da lambobi da launuka da bayanin kowane wasa, da kalmomi kusan dubu masu hotuna. Ba sai an je situdiyo ba. Manhajar naɗar sauti ta Audacity kyauta ce, makirufo mai shiga USB ya isa. A nemi ɗaki mai kafet da labule da katifa, domin ɗakin siminti wanda babu kaya yana amsa kuwwa, kuma wannan ba ya gyaruwa daga baya. A kashe fanka, a jira lokacin da janaretan maƙwabta ya yi shiru. Makirufo ya yi nisan kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace shi, don ƙ da ts suna fita da ƙarfi su bugi na'urar. A naɗa da layin sauti ɗaya (mono) a 44,100 Hz, a ajiye asalin a nau'in fayil ɗin sauti na WAV, sannan a fitar da na OGG. A fara da daƙiƙa biyar na shirun ɗakin domin tace ƙara, amma kada a tsananta tacewar, tana cinye s da sh har su zama abu ɗaya. Wajen yanka kuma a bar ɗan sarari a gaba, in ba haka ba farkon ɓ da ɗ yakan tafi, su koma b da d. Kada a tura sautin ta saƙon murya na WhatsApp, yana matse shi. Kalma ɗari a zama ɗaya ta isa, bayan haka murya takan gaji.

Mai karantawa lallai ya riƙa kallon hoton, domin rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali: “kuka” na ido da “kuka” ta miya rubutunsu ɗaya. Haruffa kuma a faɗe su yadda ake faɗa a ajin Hausa, ba, ɓa, ca, da. Sunan fayil ɗin kowane harafi lambarsa ce ta Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lamba a kwamfuta: a shi ne U0061.ogg, ɓ U0253, ɗ U0257, ƙ U0199. Kuskuren lamba ɗaya, harafin ya fito babu murya. Wanda ya ba da muryarsa ya sa hannu a takardar amincewa da buɗaɗɗen lasisi irin CC BY-SA. Mun fi son muryar malama baliga a kan ta yara, saboda ta yaro sai da yardar iyaye a rubuce, kuma idan aka dawo ƙarin naɗi bayan shekara biyu muryarsa ta canza.

Masu rubuta manhaja ma akwai nasu. An gina wasannin da harsunan rubuta manhaja na QML da JavaScript, kowane wasa a jakarsa, kuma tushen yana invent.kde.org. Wasan kuɗi ba da naira aka zana shi ba, yaron Maraɗi kuwa da dala yake lissafi, inda dala ashirin take sefa ɗari. Wasan haɗa gaɓoɓi irin na ba, be, bi, bo, bu zai yi wa ajinmu amfani matuƙa. Amma a fara da gyara ƙaramin kuskure, a koyi yadda ake duba aikin juna, kuma a tattauna da masu kula da manhajar kafin a rubuta sabon wasa. KDE tana da shirin horar da sababbin hannu mai suna Season of KDE, tana kuma shiga makamancinsa na Google mai suna Google Summer of Code. Muna kira ga shugabannin sassan kwamfuta da na harsunan Najeriya a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, su karɓi gudummawar da aka amince da ita a irin wannan manhaja a matsayin aikin kammala karatu.

Abin da ya fi damunmu shi ne kada a kwafi manhajar a sa mata sabon suna a ajiye a gefe. Kwafin da ya rabu da uwarsa ba ya samun gyara, kuma ran da Android ya canza ya daina buɗewa. An kawo kwamfutocin shirin One Laptop per Child (kowane yaro da kwamfutarsa) makarantar firamare ta Galadima a Abuja a 2007, na'urorin sun tsufa, amma manhajarsu Sugar tana nan da rai saboda masu sa-kai sun ci gaba da riƙonta a wuri ɗaya tun 2008. Don haka lallai fassarar Hausa ta shiga ta ƙofar masu fassara na KDE. Babban sabon zubin GCompris yakan fito kusan sau ɗaya a shekara, kuma kafin fitarsa akan dakatar da canza rubutu a ba masu fassara lokaci. Duk jimlar da aka sauya Turancinta takan koma Turanci a allo har sai wani ya sake duba ta, don haka a ɗora wa aƙalla mutum biyu wannan alhaki, kada ya rataya a wuyan wanda zai tafi hidimar ƙasa.

A makarantar da ba ta da intanet a tuna cewa muryoyi ba sa zuwa tare da manhajar, daban ake sauke su. A sauke a kwamfuta ɗaya, a kwafi jakar zuwa sauran ta filashi. Tsohuwar kwamfutar da ta nuna baƙin allo, a buɗe manhajar da gunkin Safe Mode da ke zuwa da zubinta na Windows. Kafin a miƙa fassara, a zaunar da yara shida na aji ɗaya da biyu na minti ashirin, babba ya koma baya ya yi shiru, ya rubuta duk inda yaro ya tsaya yana waige. Idan kuskuren na manhajar ne, a kai rahoto bugs.kde.org tare da lambar zubin, da irin na'urar, da abin da aka danna bi da bi, da hoton allo. Da Turanci ake magana da masu kula da ita, saboda haka a naɗa mutum ɗaya ya zama kakakin ƙungiya, ya rubuta musu cewa ana son buɗe Hausa da lambar harshe ha, ya haɗa da jerin abacada da takardar kalmomin da aka amince da su.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman kwamfuta da masu fassara,
Kano.