Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Jimmy Haslam, Mai Ƙungiyar Cleveland Browns

Yallaɓai, ranka ya daɗe,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina cikin masu hana idonsu barci don kallon ƙungiyarka a gasar zari-ruga ta Amurka, wato NFL, kuma magana ɗaya ce ta sa na rubuto maka: maganar kwatabak, ɗan wasan da ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi ya zaɓi ko ya jefa, ko ya damƙa wa mai gudu, ko ya zura da kansa. Tun dawowar Browns gasar a 1999, mutum 40 ko fiye sun fara mata wasa a wannan gurbi. Har riga aka yi a Cleveland ana jera sunayensu a bayanta, wanda ya tafi a soke shi. A 2012 ka sayi ƙungiyar, don haka ba duka laifin ne a wuyanka ba, amma kasonka ba kaɗan ba ne.

A ganina kullum abin da ido ke gani kuke saye: ƙarfin damtse, gudu, suna a jaridu. Alhali aikin kwatabak a ka yake.

Dubi abin da ke faruwa kafin a taɓa ƙwallo. Agogo ya ba shi daƙiƙa 40. Koci yana faɗa masa dabara ta na'urar da ke cikin hular kwanonsa, amma da zarar saura daƙiƙa 15 sai a yanke maganar, ya rage daga shi sai idonsa. Ya duƙa, ya ga masu tsaron baya biyu can nesa, ɗayansu yana saɗaɗowa gaba a hankali kamar bai san abin da yake yi ba. Nan take dole ya gane farmaki ne za a kawo masa ta hagu, ya ɗaga murya cikin ihun dubban mutane ya sauya dabarar, ya nuna wa masu kare shi wanda za su tare. Ƙwallo ta shigo hannu. Wanda ya so jefa wa an rufe shi, na biyu ma haka, ga ƙato ya kubce yana tahowa. Sai ya saki ƙwallo zuwa wani fili da babu kowa, saboda ya san nan da taku uku abokinsa zai juyo ya same ta a wurin. Duk wannan bai cika daƙiƙa uku ba. Yana saki a maka shi da ƙasa, ya tashi ya kaɗe jiki, ya kira 'yan wasansa da murya irin ta wanda babu abin da ya same shi, domin idan suka ga tsoro a fuskarsa an gama.

Wane ma'auni ne zai auna wannan a taron gwajin da ake yi kowace shekara a Indianapolis? Can tsawo ake aunawa, da nauyi, da faɗin tafin hannu, da gudun yadi 40. A 2000 wani siririn yaro daga Jami'ar Michigan ya yi wannan gudu a daƙiƙa 5.28, abin dariya a wurin masu neman 'yan wasa. Da aka zo zaɓen sababbi, Browns ta ɗauki kwatabak a lamba ta 183, Spergon Wynn. Shi kuwa wancan yaro sai a ta 199 New England ta ɗauke shi. Tom Brady ke nan, mai kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, har bakwai. Ba ina cewa mutanen lokacin su san gaibu ba, ai kowace ƙungiya ta wuce shi sau da dama. Amma ranar da Atlanta ta ba New England 28 da 3 a wasan ƙarshe na Fabrairun 2017 ya juyo da wasan, ba gudu ya yi aiki ba.

Ba sai an je gidan wasu ba ma. Bernie Kosar naku ne. Ba shi da sauri, jifarsa kuma ta gefe yake yi, babu kyan gani ko kaɗan. Amma ya karanci masu tsaro tsaf, ya taɓa jefa ƙwallo 308 a jere ba a cafke masa ko ɗaya ba, ya kai ƙungiyar bakin ƙofar Super Bowl sau uku, duk da Denver ce ta tare hanya kowane karo. Kafin shi akwai Otto Graham, shekara goma daga 1946 zuwa 1955, kowace shekara sai ya kai wasan ƙarshe, ya ci bakwai.

Wannan saurin ganewa ba baiwa kaɗai ba ce. Zama ne a ɗaki ana kallon bidiyon abokan karawa har ido ya yi ja, ranar Talata da kowa ke hutu. A zamaninka, 2014, aka ɗauko Johnny Manziel, gwarzon jami'o'i, mai zillewa kamar tarwaɗa. Shekara biyu aka sallame shi, kuma shi da bakinsa ya amsa daga baya cewa ba ya zaman kallon bidiyo. Tambaya ɗaya ga tsofaffin malamansa a ɓoye da ta isa.

Sai maganar da na san ba ka son a tayar. A 2022 kun ba Houston damarku ta zagayen farko a zaɓen sababbi har ta shekara uku don ku karɓo kwatabak ɗinta Deshaun Watson, kuka rattaba masa dala miliyan 230, ko ya buga ko bai buga ba kuɗinsa ne. Lokacin ya shekara bai taka fili ba, mata fiye da 20 sun shigar da ƙara a kansa. Ya musanta, amma NFL ta dakatar da shi wasa 11. A kaka uku wasa 19 ya buga. Rauni ba laifin kowa ba ne, Allah ya ba shi lafiya. Sai dai kwatabak shugaba ne, mutum goma ke kallon bakinsa a fili, gari guda kuma a waje, kuma wanda za a ɗora wa wannan nauyi halinsa ake fara bincika kafin damtsensa.

Abin takaicin, wanda kuka ture don a ba Watson wuri shi ne Baker Mayfield. A kakarsa uku ta farko koci huɗu ya gani, kowa da tsarinsa da kalmominsa, duk da haka a Janairun 2021 ya je Pittsburgh ya ci 48 da 37, nasarar farko da ƙungiyar ta samu a zagayen sili-ɗaya-ƙwale tun kakar 1994. Shekarar da ta biyo ya yi ta wasa da kafaɗa a yage, wasansa ya lalace, kuka ce ya ƙare. A 2024 ya jefa ƙwallon ci 41 a Tampa Bay. Haka aka yi wa Tim Couch tun 1999: aka jefa shi fili babu masu kare shi na kirki, aka kayar da shi sau 56 a kakar farko. Yaron da aka yi wa wannan dukan idonsa kan bar masu karɓar ƙwallo ya koma kan masu zuwa bugunsa, kuma da wuya ya sake dawowa daidai.

Dubi yadda wasu ƙungiyoyin suka raini sabon kwatabak ɗinsu. Green Bay ta zaunar da Aaron Rodgers shekara uku a benci yana kallon Brett Favre. Kansas City ta bar Patrick Mahomes shekara guda a bayan Alex Smith, ƙarƙashin koci Andy Reid, wanda ke can tun 2013.

Don haka roƙona, ranka ya daɗe, duk wanda za ku ɗauko nan gaba, a zaunar da shi gaban allo a ɗora masa wasan da bai taɓa gani ba, a tsayar da hoton a tambaye shi ina ƙwallo za ta je. A tambayi masu wanke rigunan jami'arsu yadda yake mu'amala da su. In an ɗauke shi, a ƙarfafa masu kare shi, a bar masa koci ɗaya da tsari ɗaya aƙalla shekara uku. Kai kuma ranar zaɓe, don Allah ka bar waɗanda ka ɗauka aiki su yanke shawara.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai goyon bayan Browns