Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Binciken Ƙwayoyin Gado

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Ga abin da kwamitin gudanarwa ya tattara game da aikin bana.

Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne wajen horar da masu ɗibar jini da masu tace DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jiki. Da muka bi diddigin samfuran da suka lalace, sai muka tarar ɓarnar tana faruwa tun kafin a kai ga na'urar karanta jerin DNA. Saboda haka muka tsayar da ƙa'ida: a ɗebi jini mililita 4 a kwalba mai murfi ruwan shuni, wadda ke ɗauke da EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa. Mai koren murfi hefarin ne a cikinta, wani sinadarin hana jini daskarewa, shi kuwa yana hana gwajin PCR (mai ninka DNA don a iya bincika shi) kamawa, sai a yi ta maimaitawa ana ɗora wa na'ura laifi. In an ɗiba, a juya kwalbar a hankali sau 8 zuwa 10, kada a jijjiga. Jinin da za a tace cikin 'yan kwanaki ya zauna a firji kan digiri 4, wanda zai daɗe kuwa sai firiza mai digiri 80 ƙasa da sifiri. A raba shi ƙananan kwalabe tun farko, domin duk lokacin da ya narke aka sake daskarar da shi, zaren DNA yana gutsuttsurewa. Bayan tacewa, ma'aunin tsabtar DNA na 260/280, wanda ake aunawa da haske, ya zo wajen 1.8, in ya yi ƙasa sosai, akwai ragowar furotin ko fenol (sinadarin da ake tacewa da shi), a sake wankewa.

A ɓangaren sikila mun daina ɓarnar kuɗi. Ciwon daga canjin harafi ɗaya na jerin DNA yake, a ƙwayar gado ta HBB da ke kan kuromosom (ƙunshin DNA) na 11, inda haruffan GAG suka koma GTG. Gwajin da ya nufi wannan gurbin kaɗai ya wadatar. Karanta dukan jerin DNA na mutum, mai haruffa kusan biliyan 3, sai dai don ciwon da ba a gano tushensa ba, kuma a karanta kowane gurbi wajen sau 30. Ƙasa da haka, canjin da mutum ya gada daga ɗaya cikin iyayensa kawai yana iya ɓuya.

Abin da ya fi damunmu shi ne rumbunan bayanan da ake kwatanta sakamako da su. Yawancinsu daga jinin 'yan asalin Turai aka gina su, don haka canje-canje da dama na sauran al'ummu ba a san ma'anarsu ba tukuna. Kwamiti ya yanke cewa irin wannan sakamako ba za a faɗa wa mara lafiya shi a matsayin ciwo ba, domin maganar ta shafi 'ya'yansa da danginsa. Mun kuma sake takardar neman yarda, ta bayyana tsawon lokacin da za a ajiye samfuri da wanda zai iya ganin bayanan.

A shekara mai zuwa, kowane ɗakin gwaji zai riƙa rubuta zafin firizarsa safe da yamma, ya kawo littafin wurin babban taro.