Kansar da ba a san garinsu ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan sam mini fili in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun rasuwar yayata, Allah Ya jiƙanta.

Kaluluwa ce ta fito mata a gindin wuya, muka ɗauka ta ciwon haƙori ce. Da ta ƙi sacewa, aka yanki ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Sai da muka yi sati biyar muna zarya kafin sakamako ya fito: kansa ce, amma ba a wuyan ta fara ba, daga wani wuri ta yaɗo. An yi hoton ƙirji, an yi na ciki, an duba nono, shiru. Likitan ya ce mini, "Malam, baƙuwa muka gani, ba mu san garinsu ba." Magani kuwa ya danganta ne da garin nasu.

Ni malamin bayoloji ne a sakandare, don haka na shiga tone-tone. Ashe akwai gwajin da ake yi wa irin wannan. Ƙwayoyin gadon da ke jikin mutum iri ɗaya ne ko'ina, amma waɗanda ke aiki a hanta ba su ne ke aiki a huhu ba. Kansa ko ta yi ƙaura, da karin harshen gidansu take tafiya, kamar Basakkwace a Legas: yana buɗe baki ka gane shi. Wannan karin harshen gwajin yake saurara. Tun 1999 Todd Golub da abokan aikinsa a Amurka suka bambance kansar jini iri biyu ta wannan hanya. Yanzu akwai CancerTYPE ID mai duba ƙwayoyin gado 92 don gano tushen cutar.

Ba zan ce da an yi mata da ta warke ba, kwana na Allah ne. Ko a 2019, da masu bincike a Japan da Faransa suka gwada zaɓar magani da irin wannan gwaji, ba su ga bambancin a zo a gani ba.

Abin da ya fi ci mini rai na kusa ne. Akwai rini na musamman da ake sa wa naman a duba a madubin likita, wanda shi ake fara yi kafin a kai ga wancan, kuma sau da yawa shi kaɗai ya isa. Shi ma aka ce kayan aikinsa sun ƙare, sai dai a aika Kudu. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da gwamnoninmu su tsayar da ɗakin gwaji ko ɗaya ne a Arewa wanda rininsa ba ya yankewa, sannan a ɗora gwajin ƙwayoyin gadon a kai.

Naman nata a cikin ɗan dunƙulen kaki aka ba ni shi, bai kai akwatin ashana ba. Ina kan haɗa kuɗin aikawa ta cika. Yana nan cikin ambulan a durowata, na kasa jefarwa.

Daga wani malamin makaranta,
Zariya.