A San Kuɗin Dandali Kafin A Sa Farashi

Ranka ya daɗe Edita,

Ina so in ja hankalin 'yan uwanmu na Makka da Jidda da ke sayar da turare da abaya a dandalan ciniki na intanet, wato noon da Amazon.sa. Da yawa suna lissafa kason da dandali ke yanka a kowane ciniki a kan jarinsu, alhali daga farashin sayarwa ake yankarsa.

A ce an sari abaya riyal 60, aikawa 20, leda da kwali 3, ana son ribar 17. Jimla 100. A ɗauka kason dandali 10 cikin ɗari ne (kowane rukunin kaya da nasa, a duba jadawalinsu). Harajin VAT, wanda ya koma kashi 15 a Yulin 2020, yana hawa kan wannan kason ma, sai kason ya zama 11.5 cikin ɗari. Wanda ya ƙara 10 a kan 100 ya sa farashi 110 za a cire masa 12.65, saura 97.35, riba ta ragu tun kafin kaya su bar gida. Daidai shi ne a raba 100 da 0.885 (abin da ke saura a kowane riyal bayan an cire kashi 11.5), a sami farashi 113.

Shi kuwa dandalin Haraj, shafin tallan saye da sayarwa na Saudiyya, kashi 1 kacal yake karɓa, amma aikawa da ciniki duk a wuyan mai kaya suke.

Inda aka fi shan kashi shi ne kayan da aka dawo da su, musamman na biya in an kawo. Idan ɗaya cikin goma na dawowa, a raba kuɗin zuwa da dawowarsa a kan tara da suka shiga. Wanda cinikinsa ya haura riyal 375,000 a shekara kuma, rajistar VAT da ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastam ta Saudiyya, ta wajaba a kansa.

Naku,
Mai karatu daga Jidda