Wasiƙa daga Makka: huhun Auta ya sace

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya sanyin Kano? Ka yi haƙuri, ɗaurin auren nan ba za mu samu zuwa ba. Ɗanka Auta ne ya tayar mana da hankali.

Ka san shi, dogo siriri kamar sillen kara. Ranar Talata bayan La'asar yana zaune a shago nan Shari'ul Mansur, bai faɗi ba, bai ɗauki kaya ba, sai ciwo ya soke shi a ƙirji ta dama, numfashi ya gagara. Uwarsa ta ce iska ce. Ashe ta yi gaskiya, sai dai ba irin wadda take nufi ba!

Da aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce wani ɗan ƙurji mai iska a saman huhun ne ya fashe, iskar ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari, ta matse shi har ya sace kamar tayar keke. Wai samari dogaye marasa jiki ya fi kamawa, musamman masu shan taba. A nan asirin shisharsa ya tonu.

Ni har na aika a kawo bargo, na ɗauka kwana bakwai za mu yi a asibiti. Ina! Aka kashe wurin da allura, aka zura wata 'yar roba siririya tsakanin haƙarƙarinsa. A bakinta akwai bawul, iska ta fita amma ba ta komawa. Aka manne da filasta, kafin Isha'i muna gida. Daren nan ban runtsa ba, ina ta leƙa numfashinsa, shi ko yana minshari. Kullum da safe muna komawa a duba, ran kwana na huɗu huhun ya buɗe aka cire robar.

Jirgi ne dai likita ya hana, sai an cika aƙalla mako guda bayan hoto ya nuna komai ya koma daidai, domin iskar da ta maƙale tana kumbura a sama. Ya kuma ce kusan ɗaya cikin uku abin yana dawo musu, shi ya sa na fasa tukunyar shishar da hannuna.

Gudummawarmu tana hanya. Ka gaida amarya da su Hajiya, a sa Auta a addu'a.

Naka amini,
daga Makka