Barka da Sallah daga Debrecen

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku barka da Babbar Sallah, Allah ya maimaita mana. Mun sallaci Idi da safe, daga can na zarce ajin koyon harshen Hungari, domin a nan birnin Debrecen na ƙasar Hungari yau ranar aiki ce kamar kowace rana.

Masu harshen suna kiransa Magyar, kuma tun daga sunan garin nan ya fara kayar da ni. Na yi makonni ina karanta "c" ɗin Debrecen irin tamu, ashe kusa take da "ts", tamu kuwa "cs" suke rubuta ta. Haruffansu 44 ne, wasulla 14. Abin da ya ɗan rage mini wahala shi ne su ma suna bambanta dogon wasali da gajere, kamar yadda muke raba gari na zama da garin tuwo, har malamarmu ta yaba wa kunnena. Sai dai kalma ɗaya, "ő", ita ce "shi" ita ce "ita", kuma abin da muke faɗa da kalmomi uku su ɗaura shi suke yi a wutsiyar kalma guda: gida "ház", a cikin gidana "házamban".

Kalmar da na fara haddacewa, tun kafin "köszönöm" ta godiya, ita ce "sertés", wato alade, saboda in san abin da zan kauce wa. Yau da yamma na je wurin wani mahauci Balarabe na ce "bárányt kérek", ina son naman ɗan tunkiya, mai taimaka masa ya fahimce ni ba tare da na nuna da yatsa ba, na fito ina murna kamar an ba ni goron Sallah. Da na soya rabin kilon nan a ɗaki ni kaɗai, sai murnar ta koma ciki. Babu hayaƙin babbakar kai da ƙafa, babu hantar da Inna take fara soya wa Baba, babu kwanon suyar da ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado muna ɗiba a sace har Muharram. Harshen ma bai ba ni kalmar layya ba tukuna.

A gaishe mini da Hajiya Kaka gaisuwa ta musamman, a gaya mata yaran nan suna gaida tsofaffi da "csókolom", wai suna sumbatar hannu, ni kuwa durƙusawa a bakin ƙofarta nake kewa, da tsokanar da take yi mini cewa na rasa matar aure. Ina gaida Goggo, Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Auta ta ci rabona na hanta amma ta sani bashi ne. Kawu, su Yaya da maƙwabta duka ina gaishe su.

A ci gaba da sa ni a addu'a, jarrabawar harshen tana tafe.

Ɗanku.