Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Dikko Radda: A Wace Kasuwa Ake Sayar Da Gogewar Aiki?

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum. Allah ya taya ka riƙo.

Ni ɗan Daura ne. Na karanta ilimin zamantakewa da raya ƙasa a wata jami'a a jihar nan ta Katsina, na yi bautar ƙasa, na dawo gida. Duk sanarwar ɗaukar ma'aikata da ƙungiyoyin tallafi suka fitar, bakinsu ɗaya: sai mai gogewar shekara biyu ko uku. Akwai wata da na roƙa ta ɗauke ni kyauta, ko alawus ban nema ba. Maigadi ne ya karɓi takardar, kuma ina kyautata zaton har yau tana ƙarƙashin bencinsa.

Ranka ya daɗe, a ina ake sayar da gogewar nan? Kasuwar Mai'adua ko ta Charanchi? In da ana sayarwa, da tuni mahaifiyata ta kai akuyarta.

Tun 1973 hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ta fito da tsarin koyon aiki na ɗalibai, SIWES, inda ɗalibin injiniya ko na noma yake fita watanni ya taɓa aiki da hannunsa. Mu 'yan fannin zamantakewa, yawancinmu ba a yi rabon da mu ba. Mun haddace muradun raya duniya 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, muna zuba su a jarrabawa kamar karatun allo, amma ba mu taɓa zama gaban mai unguwa da takardar tambayoyi ba. Kasafin kuɗin aiki kuwa ko a mafarki.

Abin takaicin, aikin a ƙofar gidanmu yake. Ga AGILE na karatun 'yan mata, ga ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma, duka da kuɗin Bankin Duniya. Ga masu jinyar yara masu tamowa. Kowane irin wannan aiki yana buƙatar masu tattara bayanai da waya, masu bibiya, masu rubuta rahoto, kuma waɗanda suka san yadda ake sallama a zauren gida kafin a yi tambaya.

Kai ka shugabanci SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ka fi ni sanin cewa takarda ita kaɗai ba ta ba da abinci. Kuma da alkawarin gina makomar matasa ka nemi ƙuri'armu a 2023. Don Allah, duk yarjejeniyar da gwamnati za ta sa wa hannu da masu ba da tallafi, a sa sharaɗin ɗaukar ɗaliban aji uku na wata shida, da kuɗin mota, da takardar shaida a ƙarshe. Ko ɗalibi ɗaya aka tura kowace mazaɓar kansila a jihar nan, mutum 361 ke nan a shekara.

Sai dai a liƙa sanarwar a makarantu kowa ya gani, kada jerin sunaye ya fito daga aljihun kansila. A tuna da ɗalibai mata, su ne ke iya shiga cikin gida. Ƙanwata tana aji biyu a fannin da na karanta, baɗi ne ya kamata ta fita.

Wassalam,
Wani matashi daga Daura